Tiyatar Rage Ƙiba a Matsayin Magani: Nazarin Dacewarta da Rayuwar Ma'aikatan Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci tiyatar rage ƙiba a matsayin hanyar magance ƙibar da ta kai matakin cuta, tare da auna ta da yanayin rayuwar ma'aikata a unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano. An bi hanyar nazarin rubuce-rubucen likitanci da dokokin ƙwadago da na inshorar lafiya a Nijeriya, sannan aka dubi kalmomin da Bahaushe yake amfani da su game da ƙiba da ciki. Maƙalar ta gano cewa tiyatar magani ce tabbatacciya, amma nasararta ta rataya ne a kan abubuwa biyu da ke wajen ɗakin tiyata: fahimtar majiyyaci game da abin da za a yi masa, da kuma kulawar da zai ci gaba da samu har ƙarshen rayuwarsa. Daga ƙarshe an ba da shawarwari ga likitoci da masu masana'antu da masana harshe.

Muhimman kalmomi: ƙiba, tumbi, tiyata, ciwon suga, masana'antu, Kano

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, cikar jiki alama ce ta hutu da wadata. Idan aka ce wane “ya yi ƙiba” ko wance “ta murje”, yabo ake nufi, yayin da rama take jawo tambayar ko lafiya. Wannan ne ya sa magungunan ƙara ƙiba, irin waɗanda aka laƙaba wa suna “sha-ka-fashe”, suka samu kasuwa a birane irin su Kano. Sai dai ilimin likitanci ya tabbatar da cewa akwai matakin da ƙiba take tashi daga ado ta koma cuta, ta zama silar ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi a cikin barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma manya miliyan 890 ne ke cikin wannan hali. A Nijeriya, binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na shekarar 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 12 cikin ɗari suke da rama. Wato ƙasar tana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda: ƙarancin abinci mai gina jiki da kuma ƙiba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana mene ne tiyatar rage ƙiba, wa ya cancance ta, mene ne amfaninta da haɗarinta, sannan a amsa tambaya guda: idan ma'aikacin masana'anta a Kano ya cancanci wannan tiyata, me zai tarar a gabansa bayan an sallame shi daga asibiti?

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Ƙiba Mai Tsanani

Likitoci suna auna ƙiba da ma'aunin nauyi da tsawo, wanda aka fi sani da BMI. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Wanda ya samu 25 zuwa ƙasa da 30 nauyinsa ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce ta cuta, kuma idan ta kai 40 ta zama mai tsanani ƙwarai. Alal misali, mutumin da tsawonsa ya kai mita 1.70, nauyinsa kuma kilo 120, ma'auninsa zai kasance kimanin 41.5.

2.2 Ciki, Tumbi da Teɓa

Akwai matsalar harshe da ya kamata a warware tun daga farko. Kalmar “ciki” a Hausa tana nufin dukkan kogon da ke ƙasa da ƙirji, tana nufin juna biyu, tana kuma nufin jakar da abinci yake sauka. Haka kalmar “tumbi” tana da fuska biyu: mahauci yana nufin jakar abinci da ita, mai zolaya kuma yana nufin cikin da ya turo gaba. “Teɓa” kuwa kitse ne da ya taru ya sake. Saboda haka, idan aka ce wa majiyyaci za a yi masa “tiyatar rage tumbi”, yana iya ɗauka teɓarsa za a yanke a zubar, alhali kuwa tiyatar ba ta cire kitsen da ke jiki. A wannan maƙala, “tumbi” yana nufin jakar abinci kaɗai. Zuƙe kitse daga ƙarƙashin fata kuwa aikin gyaran sura ne na daban, kuma ba ya magance ciwon suga ko hawan jini.

3.0 Tarihi da Nau'o'in Tiyatar

An fara gwada irin wannan tiyata a Amurka a shekarun 1950, inda ake tsallake mafi yawan ƙaramin hanji domin jiki ya kasa tsotse abinci. Nauyi yakan sauka, amma gudawa mai tsanani da lalacewar hanta suka sa aka yi watsi da wannan hanya. A shekarar 1967, Edward Mason na Jami'ar Ayowa ya wallafa bayanin tiyatar tsallake tumbi, wadda ta zama tushen aikin da ake yi a yau. A shekarar 1994 kuma Alan Wittgrove da abokan aikinsa suka ba da rahoton yin ta ta ƙananan ƙofofi da taimakon kyamara, ba tare da an tsaga ciki baki ɗaya ba. Wannan ci gaba ya rage zafi da kwanakin jinya da haɗarin rauni.

A yau nau'o'i biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne siranta tumbi, wanda likitoci suke kira “silib”. A nan ana yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a bar siririyar jaka mai kama da ayaba. Wannan shi ne nau'in da aka fi yi a duniya yanzu, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Na biyu shi ne tsallake tumbi, wato “baifas”, inda ake ware ƙaramar jaka mai ɗaukar kimanin mililita 30 daga saman tumbi, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai tsallake ragowar tumbin da farkon hanjin. Akwai kuma ɗaure wuyan tumbi da zobe, amma an rage yin sa saboda yawan buƙatar sake tiyata.

Da farko an ɗauka cewa ƙanƙantar tumbi ce kaɗai take sa a rame. Bincike ya nuna al'amarin ya fi haka zurfi. Sinadarin girelin, wanda masana a Japan suka gano a shekarar 1999, shi ne yake tayar da yunwa, kuma mafi yawansa daga sashen tumbin da ake cirewa yake fitowa. Bayan tiyata kuma hanji yana ƙara fitar da sinadarin GLP-1, wanda yake kawo ƙoshi, yake kuma taimaka wa jiki wajen fitar da insulin. Wannan ne dalilin da ya sa sugan wasu majiyyata yake daidaita cikin 'yan kwanaki, tun kafin nauyinsu ya sauka sosai.

4.0 Cancanta, Amfani da Haɗari

A shekarar 1991, Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka suka ƙayyade cewa wanda ma'auninsa ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta kamar ciwon suga, shi ne ya cancanci tiyata. A shekarar 2022, ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka da takwararta ta duniya suka sassauta ƙa'idar zuwa 35 ko da babu wata cuta, da kuma 30 ga mai ciwon suga nau'i na biyu. A kowane hali, ana buƙatar a tabbatar majiyyaci ya gwada sauran hanyoyi, hankalinsa a kwance yake, kuma ya amince da bibiya ta dindindin.

Hujjojin amfanin tiyatar suna da ƙarfi. Wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a shekarar 1987 ya bibiyi mutane fiye da 4,000, kimanin rabinsu an yi musu tiyata. Sakamakon da aka wallafa a 2007 ya nuna haɗarin mutuwa ya ragu da kashi 29 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyatar. Haka nan binciken da Philip Schauer ya jagoranta a asibitin Cleveland a kan masu ciwon suga 150 ya nuna, bayan shekara biyar, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tsallake tumbi da kashi 23 na waɗanda aka yi wa siranta tumbi sun cimma matakin sugan da ake nema, idan aka kwatanta da kashi 5 kacal na masu shan magani kaɗai. Waɗannan alƙaluma suna nuna fifikon tiyata, suna kuma nuna cewa ba kowa ne yake rabuwa da cutar ɗungurungum ba.

Gwargwadon nauyin da ake rasawa yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Mutumin da aka buga misali da shi a sama, mai kilo 120, yana iya komawa kilo 84 zuwa 90. Wani ɓangare na nauyin yakan dawo bayan wasu shekaru, musamman idan aka koma ga kayan zaƙi masu ruwa, waɗanda suke wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da cikas ba.

Ta fuskar haɗari, a cibiyoyin da suka ƙware mutuwa a watan farko ba ta cika wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu ba. Matsalolin farko sun haɗa da yoyon ɗinki da zubar jini da daskarewar jini a jijiya. Na daga baya kuma sun haɗa da ƙwarnafi mai tsanani bayan siranta tumbi, da tsakuwar matsarmama, da gyambo a mahaɗar tumbi da hanji, da ƙarancin bitamin B12 da B1 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Waɗannan na baya su ne suka fi shafar batun wannan maƙala, domin sukan bayyana ne a lokacin da majiyyaci ya riga ya koma bakin aikinsa.

5.0 Tiyatar a Ma'aunin Rayuwar Ma'aikacin Masana'anta

5.1 Yanayin Wuraren

Bompai ita ce mafi daɗewa a cikin unguwannin masana'antun Kano. Daga baya aka buɗe Sharaɗa mai rukuni uku, sai Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Kumbotso, wadda ta yi suna da masana'antun jima. A waɗannan wurare ana sarrafa robobi da fatu da man girki da alewa da biskit da lemon kwalba. Ba kowane ma'aikaci ne yake fuskantar haɗarin ƙiba daidai da ɗan'uwansa ba. Mai dakon buhuna yana ƙona abin da ya ci, amma direban babbar mota da mai gadi da ma'aikacin ofis da mai zama gaban inji sukan shafe sa'o'i ba motsi. Bincike a ƙasashe da dama ya danganta aikin dare na karɓa-karɓa da ƙaruwar ƙiba da ciwon suga. Abincin da ya fi sauƙin samu a bakin ƙofar masana'anta kuwa shi ne shayi mai yawan suga da burodi, da taliya, da shinkafa da mai, da lemon kwalba.

5.2 Hutun Jinya da Kuɗi

Bayan tiyata ana hana ɗaukar kaya masu nauyi na tsawon mako huɗu zuwa shida. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya kuwa kwana 12 na aiki kacal ta tanadar a shekara a matsayin hutun rashin lafiya da albashi. Ma'aikacin wucin-gadi da ake biya kullum ko mako-mako ya fi shiga tsaka mai wuya, domin ranar da bai fito ba babu abin sawa a tukunya.

Tiyatar tana cin miliyoyin naira, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun daga shekarar 2024 naira 70,000 ne. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, Jihar Kano ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma har yanzu mafi yawan kuɗin magani a Nijeriya daga aljihun majiyyaci suke fitowa. Masu hali sukan nufi asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja, ko su tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya. Wanda ya yi tiyata a waje ya dawo bayan 'yan kwanaki ya bar likitansa a wata ƙasa, kuma yoyon ɗinki yana iya bayyana bayan ya sauka a Kano. Saurin bugun zuciya da zazzaɓi da ciwon ciki a wannan lokaci alamu ne na gaggawa da ba a jinkirta su, kuma kuskure ne babba a ɗauke su a matsayin zazzaɓin cizon sauro.

5.3 Abinci, Ruwa da Zafi

Makonni biyu na farko abu mai ruwa kaɗai ake sha, sannan a koma ga mai laushi, kafin a kai ga abinci mai tauri bayan kimanin wata ɗaya da rabi. Ana buƙatar aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki a kullum. Abin farin ciki shi ne kasuwar Kano ba ta rasa abin da ya dace: kindirmo marar suga, ƙwai, alale, awara, kifi da romon kaza duk suna biyan wannan buƙata. Abin da zai yi wuya shi ne sauya tsarin ci. Malmalar tuwo da Bahaushe ya saba da ita ta fi ƙarfin sabon tumbi. Dole a fara da mai gina jiki, a ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a tauna sosai, kuma kada a haɗa ci da sha. Gajeren hutun masana'anta bai dace da wannan tsari ba sai an yi wa ma'aikaci rangwame.

Ruwa ma haka. Ana so majiyyaci ya sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, amma da kurɓi-kurɓi, domin ba zai iya kwankwaɗar leda guda a tashi ɗaya ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, cikin ɗakin inji kuma ya fi haka. Ƙarancin ruwa a jiki yana daga cikin manyan dalilan da suke mayar da majiyyata asibiti a makonnin farko. Lemo mai gas da kayan zaƙi kuwa, ga wanda aka yi wa tsallake tumbi, suna iya jawo jiri da gumi da faɗuwar gaba jim kaɗan bayan sha, wanda haɗari ne ga mai aiki kusa da inji ko mai tuƙi.

5.4 Magungunan Ciwon Jiki da Ƙarancin Jini

Al'ada ce ga mai aikin ƙarfi ya biya ta kemis da yamma ya sayi maganin ciwon jiki. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna haddasa gyambo a mahaɗar ɗinki, don haka ake hana su bayan tsallake tumbi. Taba sigari ma tana da irin wannan illa. A ɗaya ɓangaren kuma, bitamin da sinadarin ƙarfe sun zama abokan zama na har abada, tare da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Wannan ya fi muhimmanci ga mata, domin binciken 2018 da aka ambata ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini tun kafin a zo batun tiyata. Ana kuma shawartar mace ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, kuma wannan magana ce da dole a yi ta tare da miji tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

5.5 Addini da Azumi

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya a shekarar 2007, ta halatta rage nauyi ta hanyoyin kimiyya da suka haɗa da tiyata, muddin nauyin ya zama cuta, babu wata hanya, kuma an amince daga cutarwa. Game da Ramadan kuwa, likitoci suna shawartar kada a yi azumi a watannin farko bayan tiyata, saboda ƙaramin tumbi ba zai iya ɗaukar ruwa da abincin yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen ramawa, amma hikima ita ce a tsara lokacin tiyatar nesa da watan azumi da kuma bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa aikin likitan fiɗa na sa'a ɗaya ko biyu ƙaramin kaso ne na maganin. Babban kason yana cikin shekarun da suke biyo baya, kuma a nan ne yanayin ma'aikacin masana'anta yake da rauni. Bisa wannan ake ba da shawarwari kamar haka:

i. A samar da takardar neman amincewa da Hausa, wadda za ta bambance tumbi da teɓa, ta kuma faɗi ƙarara cewa abin da aka yanke a siranta tumbi ba ya dawowa. Wannan aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin likitoci da masana Hausa na Jami'ar Bayero.

ii. Manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad su zama matattarar bibiyar waɗanda aka yi wa tiyatar, ko a ina aka yi musu ita, da likita da masanin abinci da ɗakin gwaji a wuri guda.

iii. Masu masana'antu su riƙa auna nauyi da suga da hawan jinin ma'aikatansu lokaci-lokaci, su kuma ba wanda ya yi tiyata aiki marar nauyi da damar ci da sha a kan kari.

iv. Kada majiyyaci ya biya kuɗin tiyata, a gida ko a waje, sai ya san likitan da zai gani a Kano idan matsala ta taso, kuma ya lissafa kuɗin bitamin da gwaji na shekaru.

v. A riƙa sanar da majiyyata cewa akwai sababbin allurai irin su semaglutide, masu rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi, duk da cewa suna da tsada kuma nauyi yakan dawo idan aka daina.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana ma'anar ƙiba mai tsanani, ta kawo tarihi da nau'o'in tiyatar rage ta, ta kuma auna amfaninta da haɗarinta. An ga cewa wanda ƙiba ta kai shi ga ciwon suga da ɗaukewar numfashi marar lafiya ne da ya cancanci magani, kuma tiyata tana daga cikin magungunan da suka fi tasiri a gare shi. An kuma ga cewa ga ma'aikacin Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, kwanakin hutu da zafin ɗakin inji da maganin kemis da kuɗin bitamin su ne za su yanke hukunci a kan nasarar aikin. Idan aka tanadi waɗannan, tiyatar za ta ƙara masa lafiya da tsawon shekarun aiki. Idan kuwa aka yi sakaci da su, ana iya musanya masa ciwo ɗaya da wani.